Wa Ya Ƙidaya 'Yan Madachi?

Akwai wata muhawara da ta zama ruwan dare a ɗakunan kwananmu da gindin itatuwan tsangaya, musamman a tsakanin 'yan sashen kwamfuta da na tattalin arziki, watau muhawarar wace na'urar wasan bidiyo ce ta fi kasuwa a duniya, wace ce kuma za ta binne 'yar'uwarta. Wannan ya ce PlayStation, wancan ya ce Xbox, kowa yana karanto alƙaluman da ya tsinto a bakin masu sharhin kasuwa na Landan da Tokyo kamar almajiri yana jan baƙi. Ba mu da ja da mai muhawara, domin jami'a gidan muhawara ce. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ke fitowa duk sa'ad da musu ya yi zafi: wai a ƙasar Hausa babu 'yan gem na gaskiya, wai mutanen karkara ba su san wasa ba, sai 'yan danne-dannen waya. Mu da muka fito daga ƙasar Rano da Kibiya, daga Madachi da Rurum da Lausu da Tarai, mun ji wannan magana har kunnenmu ya ƙoshi, mun kuwa san ba a nan aka haife ta ba. Sarinta aka yo. Amsarmu za ta yi ɗaci, amma kowa ya san sassaƙen maɗaci magani ne.

Lalle wani zai ce: ana kukan kuɗin makaranta da ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana, ina mujallar ƙungiya ina zancen wasan yara? To, kamfanin Newzoo na ƙasar Holan, wanda ƙididdigar wannan kasuwa ita ce sana'arsa, ya ƙiyasta cewa a 2023 kuɗin da jama'ar duniya suka kashe a kan wasannin bidiyo sun haura dala biliyan 180, masu yin wasan kuwa sun haura mutum biliyan uku. Abin da ya tara mutum biliyan uku ya wuce a kira shi wasan yara. Bayan haka, yadda ake ƙidayar 'yan wasa haka ake ƙidayar manoma da marasa lafiya da 'yan makaranta. Ɗalibin da ya koyi mugun awo a kan ƙaramin abu, da shi zai auna babba ranar da ya zama babban sakatare.

Su wane ne waɗannan masana da ake yi mana barazana da sunansu? Ma'aikata ne na bankunan zuba jari da kamfanonin ƙididdiga da jaridun kasuwanci, aikinsu su gaya wa masu hannun jari inda kuɗi zai haihu. Alƙalumansu kuwa daga wurare ƙalilan suke fitowa. A Amurka akwai kamfanin NPD, wanda ya koma Circana a 2023, mai tattara cinikin manyan kantuna; a Japan akwai mujallar Famitsu mai buga cinikin kowane mako; a Turai akwai GfK. Duk abin da bai bi ta teburin mai karɓar kuɗi a irin waɗannan ƙasashe ba, a wurinsu bai auku ba. Sa'an nan a zuciyar kowannensu akwai hoton mutum guda wanda suke kira ɗan wasa na haƙiƙa: saurayi ne, mai ɗakinsa shi kaɗai, da ƙaton talabijin, da wutar da ba ta ƙiftawa, da intanet mai gudu, wanda zai kwana a layi don ya sayi sabuwar na'ura ranar fitowarta, ya kuma raba dare yana harbe-harbe. Mu kira shi ɗan gani-kashe-ni. Sauran jama'a, watau mata da yara da dattawa da duk mai yin wasan minti goma don ɗebe kewa, an raɗa musu wani suna na raini mai ma'anar 'yan ɗanɗano, masu taɓawa su wuce. Da yawa daga cikin masu sharhin da 'yan jaridun fannin su kansu 'yan gani-kashe-nin ne, saboda haka idan suka leƙa kasuwa fuskarsu suke gani, kamar mai leƙa rijiya.

Ba sai mun yi dogon musu da su ba, domin kasuwar da suke taƙama da saninta ta riga ta kunyata su a bainar jama'a. A watan Nuwamba na 2005 Microsoft ya fitar da Xbox 360. Shekara guda bayan haka, a Nuwamban 2006, Sony ya fitar da PlayStation 3 a kan dala 499 da dala 599, gwargwadon girman rumbun ajiyarta, na'ura mai ƙarfin gaske da hoto garau. Kwana biyu da fitowarta a Amurka, sai kamfanin Nintendo na birnin Kyoto ya fito da wata 'yar farar aba mai suna Wii a kan dala 250. Ba ta da hoto mai kaifi irin na takwarorinta, kayan cikinta kuwa ba su fi na tsohuwar na'urar kamfanin, GameCube, da wani abin a zo a gani ba. Ita GameCube ɗin a duk rayuwarta ba a sayar da miliyan 22 ba, alhali PlayStation 2 ta zamaninta ta haura miliyan 150. Saboda haka masana da yawa suka shafa fatiha tun kafin a ɗaura yaƙi: dambe tsakanin Sony da Microsoft ne, Nintendo ɗan kallo ne. A wani taron masu ƙera wasanni da aka yi a San Faransisko a 2007, wani gwani ya miƙe ya kwatanta Wii da GameCube biyu da aka ɗaure da salatif, maganar kuwa ta zaga duniya.

Shugaban Nintendo na lokacin, Satoru Iwata, wanda ya rasu a 2015, wata tambaya daban ya sa a gaba. Me ya hana uwar ɗan gani-kashe-ni da ƙanwarsa da kakansa taɓa na'urar da ke zaune a tsakiyar ɗakinsu? Suka ga ashe abin riƙewar ne ke korar mutane, maɓallai rututu, wanda bai taso da shi ba sai ya ji kamar an ba shi tuƙin jirgin sama. Sai suka yi nasu kamar rimot ɗin talabijin, idan ka kaɗa hannu ɗan wasan da ke cikin hoto ya kaɗa nasa. Wanda bai taɓa buga gem ba sai ya iya kafin shayi ya huce. A 2007 har cikin 2008 neman Wii ake yi ruwa a jallo a kantunan Amurka. An gan ta a gidajen kula da tsofaffi, an gan ta a asibitoci inda ake koya wa masu shanyewar ɓarin jiki motsa gaɓɓai. Da ƙura ta lafa ga abin da aka samu: Wii miliyan 101 da 'yan kai, PlayStation 3 wajen miliyan 87, Xbox 360 wajen miliyan 84. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Kuna tsammani sun tuba? Ina! Taɓarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Sai salon magana ya sauya: wai waɗanda suka sayi Wii ba 'yan wasa ba ne, yayi ne ya kwashe su, na'urorin na can ƙura ta rufe su a ƙarƙashin gado. Watau an yi zaɓe, an ƙirga ƙuri'a, sa'an nan alƙali ya ce ta mata da ta tsofaffi ba ta cikin lissafi. Da magajiyarta Wii U ta fito a 2012 ta faɗi warwas, ba ta kai ko miliyan 14 ba, sai murna ta ɓarke: ga shi nan, da ma mun faɗa, 'yan ɗanɗano ba su da amana. Gaskiya ne Wii U ta faɗi, kuma akwai sakacin kamfanin a ciki, domin har sunan ya ruɗa masu saye, da yawa sun zaci wani kayan haɗi ne na tsohuwar. Amma ina mutanen suka tafi? Wayar hannu suka koma, wadda ke cikin aljihunsu dare da rana, suka ci gaba da wasansu. A wannan shekara ta 2012 aka fitar da Candy Crush Saga, wasan jera alewa wanda masana ke toshe hanci idan an ambace shi. A 2016 kamfanin Activision ya sayi King, mai wannan wasa, a kan dala biliyan 5.9. A 2023 kuma Microsoft, uban Xbox da kansa, ya haɗiye Activision ɗin a kan wajen dala biliyan 69, shugabanninsa suna faɗa da bakinsu cewa neman shiga kasuwar waya yana cikin manyan dalilan cinikin. Ƙididdigar Newzoo da muka ambata ta nuna kusan rabin kuɗin kasuwar duka daga waya suke fitowa. Shi kuwa Nintendo, wanda aka yi ta ba shawara ya daina ƙera na'ura ya huta, ya fitar da Switch a watan Maris na 2017, ita ma mai raunin ciki idan an gwada ta da sa'o'inta, kafin ƙarshen 2024 ta haura miliyan 150.

Wannan ma ba shi ne karon farko ba. A 1989 Nintendo ya fitar da Game Boy, ƙirar Gunpei Yokoi, mai allo marar launi. Sega ya mai da martani da Game Gear mai launi da ƙyalli, wadda ke cinye batir shida cikin 'yan sa'o'i, alhali Game Boy da batir huɗu tana ninka wannan sau da yawa. Ita da ƙanwarta mai launi an sayar da fiye da miliyan 118. Ɗan Madachi ba ya bukatar digiri kafin ya gane dalili.

To, duk wannan a can ne, inda ko an raina mutum an dai rubuta cinikinsa a littafi. Mu nan ko rainin ba mu samu ba, domin ba a san da mu ba. Har zuwa 2024 Sony bai buɗe wa Nijeriya shagonsa na intanet ba. Ɗan Kano da ka gani da asusun PlayStation, to ya rubuta cewa a Amurka ko Ingila ko Dubai yake zaune, kuma duk abin da ya saya a littafin waɗancan ƙasashe aka shigar da shi. A watan Mayu na 2024, sa'ad da rigima ta tashi a kan wajabta wannan asusu ga masu buga wani wasa mai suna Helldivers 2 a kwamfuta, aka janye wasan daga kasuwa a ƙasashe da yankuna fiye da 170 waɗanda ba su da shagon, sai duniya ta ga girman filin da taswirar masana ta bari fari fat. Kusan duk Afirka na ciki.

Mu bi sawun na'ura guda ɗaya. PlayStation 2 ce, an sayar da ita ga wani yaro a Ingila, mu ce a 2003. A ranar aka rubuta ta a littafi: na'ura ɗaya, mai ita ɗaya. Yaro ya girma ya yar da ita, ta shiga kwantena tare da tsofaffin firji da talabijin, ta sauka a Legas ko Kwatano, ta bi ta kasuwar Alaba, ta hau mota zuwa Sabon Gari a Kano. Mai gyara ya buɗe ta, ya hure ƙura, ya yi mata dabarar da za ta karanta wasa daga filashi tun da idonta ya mutu. Wani saurayi daga ƙasar Rano ya sayar da akuya ko buhun masara ya saye ta, ya haɗa da tsohon talabijin da ƙaramin janareta da benci biyu, ya kafa rumfa a bakin kasuwa, gidan gem ya samu. Sony ya daina ƙera wannan na'ura tun wajen ƙarshen 2012, masana sun yi mata jana'iza sun watse, ita kuwa ga ta nan tana ciyar da gida. Mu yi lissafin 'yan firamare. A ce zagaye ɗaya na wasan ƙwallo minti goma ne, mutum biyu ke bugawa. Daga la'asar zuwa ƙarfe goma na dare sa'a shida ke nan, a cire sa'a guda ta salla da cin tuwo, saura biyar: zagaye talatin, mazauni sittin a yini guda, ban da 'yan kallo da ke tsaye a baya suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. A littafin Landan kuwa har yanzu mutum ɗaya ne, shi ma ya daɗe da barin wasa.

Kuma a daina cewa waɗannan yara 'yan ɗanɗano ne. Yaron da ya yi dako ko tallan rake ranar kasuwa don ya samu kuɗin zagaye uku, wanda ya san idan aka cinye shi tashi zai yi ya ba wani wuri, kuɗinsa kuma sun tafi ke nan, ya fi mai kwance a katifa yana sake farawa sau ɗari sanin zafin wasa. Ya haddace 'yan wasan Barcelona da Chelsea har na benci, ya san wane abin riƙewa ne maɓallinsa ke maƙalewa, ya san yadda zai ci da shi a hakan. Idan naci da ƙwarewa ake nufi da gani-kashe-ni, to a rumfar nan yake. Idan kuwa kuɗi ake nufi, sai a fito fili a faɗa.

Rumfar ma ƙaramin yanki ce ta labarin. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, wasan bidiyo na farko da ɗimbin Hausawa suka taɓa shi ne macijin nan na Nokia, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Taneli Armanto, ya tsara a 1997. Kafin shi akwai 'yar na'urar jera bulo mai batir biyu da 'yan koli ke kawowa, da kwaikwayon Famicom mai kaset wanda ake rubuta wa dubban wasanni a jiki alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Babu ɗayansu da ya shiga littafin kowa. Yau kuwa wayar Tecno ce ko Itel. A shagon mai caji, inda ake tura finafinai da waƙoƙi da wa'azi a memori, a nan ake tura ludo da wasan ƙwallo da tseren mota, daga nan su yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Xender ba tare da sun bi ta shagon Google ba, abin da bai bi ta can ba kuwa ba a ƙirga shi. Su wa ke bugawa? Ɗan acaɓa mai jiran fasinja, mai gadi, tela idan kasuwa ta yi sanyi, da kuma waɗanda ba a taɓa ambata a muhawarar ɗakin kwana ba, watau matan aure da 'yan mata a cikin gidaje. Yarinya ba ta shiga rumfar gem, al'ada ba ta bari, amma da an gama aikin gida ita da 'yan'uwanta za su kewaye waya ɗaya su yi ludo har batir ya mutu, kamar yadda iyayensu suka kewaye carafke. An share su sau biyu. Masanin Landan bai gan su ba don 'yan Afirka ne, ɗan amshinsa na nan harabar bai gan su ba don mata ne.

Bari mu yi wa masana adalci a wuri guda. Ɗan gani-kashe-ni ɗaya a Amurka yana iya kashe abin da rumfa guda ba ta tara a shekara ba, mai hannun jari kuwa riba yake nema, ba lada ba. PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499. A 2024 dala ta haura Naira 1,500, mafi ƙarancin albashi kuma aka sa shi Naira 70,000 a watan Yuli, watau sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashin fiye da wata goma, bai ci ba bai sha ba, kafin ya ɗauki akwatin, bai sayi wasa ko ɗaya ba tukuna. Ya saya ɗin ma, da me zai kunna? A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda a cikin duhu. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Saboda haka ba mu ce Sony ya zo ya buɗe kanti a Kibiya ba. Abin da muka ƙi shi ne a auna aljihu sa'an nan a ce an auna mutane. Mun san wannan mudu, tsoho ne. Da shi Turawan mulkin mallaka suka zo, sa'ad da abin da ya fi damunsu a kowane gari shi ne namiji baligi mai biyan haraji da saniya mai jangali, saura kuwa ko oho. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, amma mudun bai mutu ba, jami'a ya shigo ya sa kwat.

Wanda yake ganin rashin ƙidaya ƙaramin abu ne ya tuna da watan Afrilu na 2014. A lokacin ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta ma'aunin tattalin arzikin Nijeriya, wanda aka bari a kan shekarar 1990, sai ga arzikin ƙasa ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa dala biliyan 510 a dare ɗaya. Ba wata rijiyar mai aka tono ba. Harkar waya da ta finafinai da makamantansu aka shigar cikin lissafi yadda ya kamata, abubuwan da suke nan shekara da shekaru kowa yana ganinsu ban da littafin.

A cikin gida ma mun taɓa ganin irin wannan. Sa'ad da samari da matan aure suka fara rubuta littattafan hikaya suna bugawa da kuɗinsu a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, sai aka laƙaba wa aikinsu suna Adabin Kasuwar Kano, waɗansu malaman jami'a suna cewa ba adabi na gaskiya ba ne, yayi ne mai wucewa. Littattafan nan kuwa su suka sa mata da yawa nacin karatun Hausa a cikin ɗakunansu, suka ba masana'antar fim labarai da marubuta, yau kuma a kansu ake rubuta kundayen digiri na uku. Kalmar nan "na gaskiya" a bakin masani, ko a adabi ko a wasa, sau da yawa ma'anarta ita ce irin wanda shi da abokansa suke so.

Yanzu ga inda abin ya shafi wannan jami'a. Duk shekara 'yan ajin ƙarshe na sashen kwamfuta suna neman aikin kammala karatu, kuma waɗanda suka zaɓi ƙera wasa mafarkinsu kusan ɗaya ne: harbe-harbe a titunan wani birni mai dusar ƙanƙara, da Turanci, irin wanda sai kwamfuta ta miliyoyin Naira za ta iya ɗauka. Ba za su gama shi ba, domin irinsa ɗaruruwan ma'aikata ne ke yi shekara da shekaru, ko sun gama kuma babu mai bugawa daga nan har Tiga. Ga dara kuwa, wadda dattawanmu ke haƙa wa gurabu talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci ɗaya, wasa mai tsararrun dokoki da zurfin dabara. A mazaunin dara akwai gwanayen da ba a taɓawa, amma ba mu taɓa jin gwani ya ce wa ɗan koyo abin da yake yi ba dara ba ce. Ɗalibi ɗaya mai himma zai iya sa ta a wayar Itel cikin zango guda, da Hausa, marar bukatar intanet, marar cin batir. Amma je ka kawo wannan shawara a ɗakin kwana ka sha dariya.

Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin bai yi dariya ba. Sa'ad da manyan kamfanonin waya ke tseren burge masu kuɗin Turai, shi sai ya zo ya dubi ɗan Afirka da matsalarsa, ya yi masa waya mai layi biyu, da batir mai jimiri, da kyamarar da ke fitar da baƙar fata sosai, da farashin da manomi zai iya. Shi ne mai Tecno da Itel da Infinix, kuma a wajen 2017 ya shiga gaban kowa wajen sayar da waya a nahiyar nan. A Legas an kafa Maliyo Games a 2012 domin ƙera wasannin waya masu labarin gida. Shi kansa Sony, ta hannun asusunsa na zuba jari, ya sa kuɗi a kamfanin Carry1st na Afirka ta Kudu a watan Janairu na 2024, kamfanin da wasannin waya ne sana'arsa. Watau maigidan ya fara leƙowa ta taga, yaransa na nan suna rantsuwa babu kowa a gidan.

Akwai kuma waɗanda suka riga kowa ƙidaya mu, su ne kuwa abin tsoro. Kamfanonin cacar ƙwallo ba su taɓa cewa ɗan ƙauye ba ɗan wasa na gaskiya ba ne. Sun san irin wayarsa, sun san 'yan canji ne a aljihunsa, sun san ƙungiyar da yake so, sun yi manhajarsu marar nauyi yadda za ta buɗe ko layi na rawa. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a birnin Kano, amma shagon da ke cikin aljihu ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Yaron da ya taso a rumfar gem da son ƙwallo, idan bai samu wasa mai tsabta da aka yi dominsa ba, akwai mai jiransa da wani wasan, wanda ƙarshensa bashi ne da sayar da babur da yi wa iyaye ƙarya. Wannan ba a Landan yake aukuwa ba, a garuruwanmu ne, ga ƙannenmu.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai cewa duk gasar gem da za a shirya da kuɗin ƙungiya, kuɗin da kowane ɗalibi ya biya, kada a taƙaita ta ga sabuwar na'urar da 'yan tsiraru ne suka taɓa riƙewa. A sa rukunin waya, a sa ludo, a sa dara, a kuma yi ta a wuri da lokacin da ɗalibai mata za su iya shiga.

Babban aikin kuwa ƙidaya ce, kuma ba wanda zai zo ya yi mana ita. Dogon hutu na zuwa. Mu 'yan Rano da Kibiya mun ɗauki yankinmu, za mu fara da mazaɓar Madachi. Littafin rubutu ne da biro, da izinin dagaci da masu unguwanni. Rumfar gem nawa ce a gari, wace na'ura ce a ciki, daga ina aka sayo ta, nawa ake biya, nawa man janareta ke ci, mutum nawa rumfar take ciyarwa? A shagon caji waɗanne wasanni aka fi nema, su wa ke nema? 'Yan'uwanmu mata za su shiga gidajen da maza ba sa shiga, su tambayi matan aure da 'yan mata me suke bugawa, a wayar wa, me kuma suke so a yi musu da Hausa. Muna roƙon malaman sashen ƙididdiga su duba mana takardar tambayoyin kafin mu tafi, sashen kwamfuta kuma ya karɓi sakamakon a matsayin tushen aikin kammala karatu. 'Yan Bichi da Gaya da Ƙaraye da Gumel da Daura, kowa ya ɗauki nasa yankin. Mai son shiga ya ba da sunansa a ofishin editan wannan mujalla kafin a fara jarrabawa.